Gizo da Rigar Yadi Uku

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara da kaka, gero ya shiga rumbu, ruwan fadamar Hadeja da Nguru ya fara janyewa yana barin laka da ƙananan kifaye, sai Zaki ya aiki Hankaka ya yi shela a dawa. Sarki zai aurar da 'yarsa nan da mako uku. Kowa ya zo, kuma ya zo cikin shiga ta mutunci, domin wanda adonsa ya fi kwanta wa sarki a rai za a naɗa shi Sarkin Ado, ya riƙa samun cinya guda a duk bikin fada har ƙarshen ransa.

Shi Hankaka ko a jikinsa, da baƙar kwat da farar 'yar ciki aka haife shi. Sauran dabbobi kuwa barci ya ƙaurace wa idanunsu. Wanda ya fi kowa shiga uku shi ne Gizo, don duk abin da ya mallaka na sutura 'yar shara ce guda ɗaya, wadda matarsa Ƙoƙi ta yi wa faci har ba a gane wanne ne ƙyallen asali.

Yana kishingiɗe a gindin tsamiya yana saƙawa yana kwancewa, sai ga wata 'yar tsuntsuwa ta faɗo gabansa, fuka-fukai a sake, baki a buɗe. Tsattsewa ce. Gizo ya ƙare mata kallo, ya ga ko an gasa ta ba za ta cika loma ɗaya ba, don haka ya ga gara ya yi alheri. Ya ɗebo ruwa a ɓawon gyaɗa ya ba ta, ya ciro mata sauro uku daga cikin saƙarsa. Da ta dawo hayyacinta sai ya lura da wani ɗan zobe a ƙafarta.

Ya ce, "Baiwar Allah, daga ina haka? Wa kuma ya sa miki wannan zobe?"

Ta ce, "Daga Ingila nake. Turawa ne suke sa mana, da lamba a jiki, don su san inda muke zuwa idan sanyi ya kore mu. A 1911 wani mutum ya sa wa wata kakarmu irinsa a can, sai ga shi an same ta a Natal ta Afirka ta Kudu a ƙarshen 1912. Can na nufa ni ma. Tafiyar ta kusa kilomita dubu goma, kuma babu inda ya kai Sahara wuya. Jiya na fito daga cikinta."

Gizo bai ji kilomita ba, bai ji Sahara ba. Ingila kawai ya ji. Ya gyara zama.

"Ke nan kina jin Turanci?"

"Ina taɓawa. Sheƙata tana ƙarƙashin rufin shagon wani tsohon tela, a wani ƙauye kusa da Lids, yankin da ya yi suna wajen saƙar ulu da ɗinkin kwat. Daga Afrilu zuwa Satumba duk abin da aka faɗa a shagon a kunnena yake sauka."

Nan take Gizo ya ga hanya. In babu riga, ai akwai baki. Duk dawa babu mai Turanci sai Dila, shi ma nasa na tasha ne. Wanda ya shiga fada da jimlar da aka ɗauko daga Ingila kanta, da ɗuminta, ai ya riga ya yi rabin ado. Ya roƙe ta ta biya shi ladan ruwansa da magana guda ɗaya, mai nauyi, irin wadda manya suke faɗa.

Tsattsewa ta dubi 'yar sharar da ke jikinsa, ta yi ɗan shiru. Sannan ta ce akwai wata magana da tsohon telan nan yake faɗa wa duk wanda ya shigo masa da dogon buri da gajeren aljihu. Ta faɗe ta a hankali: "Cut your coat according to your cloth."

Kowa ya san Gizo da tsamin baki. Sai da suka kai magariba suna fama, tana faɗa yana maimaitawa, kafin ta zauna masa a haka: "Kot yuwa kot akodin tu yuwa kulos." Tsattsewa ta ce ba laifi, ko a Ingila ta ji waɗanda nasu bai kai wannan ba.

Ta ce, "To saura ma'ana. Cewa ake yi ka yanka kwat ɗinka daidai da ƙyallen da ke hannunka. Kuma ba a kan sutura kaɗai suke faɗarta ba. Mai son gina gida, mai shirin biki, har gwamnati idan za ta yi kasafin kuɗi, duk ana ja musu kunne da ita. Tsohon yakan gaya wa yaron shagonsa cewa maganar ta girmi keken ɗinki nesa ba kusa ba, don tana cikin littafin karin magana da wani John Heywood ya fitar a 1546, zamanin Sarki Henri na Takwas. A wancan lokaci tufa dukiya ce. Ulu ne arzikin ƙasar, shi ya sa har gobe shugaban majalisar iyayen ƙasa a Landan a kan wani ƙaton matashi da aka cusa wa ulu yake zama. Doka ce ma take faɗin wanda zai sa me: alharini mai launin shunayya da tufar zinariya na gidan sarauta ne, talaka ya sa ya ga ta kansa. Sai a 1604 aka soke waɗannan dokoki. Amma karin maganar ba ta bi su ba, saboda almakashi ba ya jin a yi haƙuri. Abin da aka yanka ya yanku."

Gizo ya haddace duka, har da shekarun. Wannan dole a ba shi: kansa yana ja. Matsalarsa ita ce yadda ya ɗauki maganar. A wurinsa abin ratayawa ce a wuya don a gani, bai taɓa kawo wa ransa cewa da shi take ba.

Da asuba Tsattsewa ta yi sallama. Ta ce za ta yada zango a Boje, can Kuros Riba, inda danginta suke kwana cikin dogayen ciyayi dubbai bisa dubbai. Ta tashi ta yi kudu.

Ran kasuwa Gizo ya fito yana taƙama. Duk wanda ya gaishe shi, sai ya amsa da Turancinsa. Ya iske Kura a rumfar mahauta tana lashe baki, ya tsaya a bayanta ya ɗaga murya: "Kot yuwa kot!"

Kura dama tana da akuyar wani a cikinta tun daren jiya. Da ta ji an ambaci kotu har sau biyu, sai ta zabura ta ture tire, ta fara rantsuwa tun ba a tambaye ta ba. Sai da Gizo ya yi dariya ta ishe shi sannan ya ce mata ba sammaci ba ne, sirrin ado ne na Turawa, kuma in ta ba shi ƙashi mai ɓargo zai fassara mata. Ta ba shi, ya fassara.

Ana cikin haka sai ga Dila, malamin daji, da carbinsa. Ya saurara, ya yi murmushi irin na wanda aka taɓa wa sana'a.

Ya ce, "Gizo, an koya maka ba daidai ba. Na zauna a Sabon Gari, na je Legas a bayan motar shanu. A bakin direbobi da 'yan kasuwa, kalmar ƙarshen ba cloth ba ce, size ce. Wato ka yanka rigarka daidai girman jikinka."

Dila bai yi ƙarya ba. Haka da yawa suke faɗarta a Najeriya, kuma malaman Turanci sun daɗe suna jan jan biro a ƙarƙashinta ba ta daina fitowa ba. Gizo kuwa ya ce tasa daga bakin mai ita ta fito, ta Dila kuma ta sha ƙura a hanya. Musu ya kaure. Kafin la'asar kasuwa ta rabu biyu, 'yan ƙyalle da 'yan jiki, har da waɗanda ba su san ko harafi ɗaya ba suna ta da jijiyar wuya. Biri ya mari Gafiya a kan lamarin, alhali dukansu tsirara suke.

A gefe guda Kurege ya baje hajarsa. Shi ne falken dawa, daga Kantin Kwari ta Kano yake saro kaya. Kura ta kawo fatu ta karɓi atamfa turmi huɗu, kowane turmi yadi shida, kowanne da launinsa: ja, ruwan ɗorawa, kore, da wata mai zanen agogo. Gizo ya zo ya shafa wannan, ya shafa wancan, hannunsa ya tsaya a kan wata farar shadda Getzner, irin wadda ake saƙawa a Ostiriya, mai ƙamshi da sheƙi.

Kurege ya ce, "Gizo, bashin da zan iya ba ka, in wannan ce, yadi uku ne. In kuwa yadi mai sauƙin kuɗi ne, ga shi nan mai kyau, sai in yankar maka goma cif."

Gizo ya ce shi bai yi kama da mai sauƙin kuɗi ba. Aka yankar masa uku, aka rubuta a littafi.

Telan dawa Kunkuru ne. Shagonsa yana cikin kogon wata kuka, da tsohon keken Singer na ƙafa wanda ya gada, da dutsen guga na gawayi. Ƙaguwa ce mai yanka, tun da da almakashinta aka haife ta. Ana yi wa Kunkuru tsiya a kan nawa, ana cewa in ka kai masa ɗinkin ƙaramar salla ka sa rai da babba, amma ba a taɓa jin wanda ya mayar masa da riga don ta matse ko ta yi yawa ba. Ko kalma ɗaya ta Turanci bai sani ba, in ka cire yadi da inci, waɗanda shi a ganinsa Hausa ce.

Kura ce ta fara shiga. Ta zube turamenta huɗu ta ce duka za a ɗinke mata a riga ɗaya.

Kunkuru ya ja tef daga kafaɗarta zuwa ƙasa, ya koma ya ja daga ƙugu. Ya ce, "Kure, jikinki gaba ya fi baya tsawo. Yadi shida ya ishe ki riga da zani, in ɗage bayan kaɗan don kada ya ja ƙasa. Ki zaɓi turmi ɗaya, ki ajiye uku, wata rana za ki gode mini."

Kura ta ce, "Baba, kai ba ka san Turanci ba. Cewa aka yi a yanka daidai ƙyalle. Ƙyallena yadi ashirin da huɗu ne, saboda haka rigar yadi ashirin da huɗu za a yi. Da ƙashi mai ɓargo na sayi maganar nan, ba zan yi asara ba."

Kunkuru ya ce to. Ya karɓi kafin alƙalami.

Sai ga Gizo da 'yar shaddarsa a hammata. Ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya ce babbar riga yake so, da 'yar ciki da wando, a yi mata aiki aska takwas, irin ta sarki sak.

Kunkuru bai ce komai ba. Ya ɗauki tef ya auna shaddar, inci talatin da shida sau uku, babu ko ɗan yatsa a kai. Ya sake aunawa ko Kurege ya yi kuskuren alheri, bai yi ba. Sannan ya sa Gizo ya miƙe, ya auna wuya, ya auna ƙirji, ya fara ƙirga hannuwa da ƙafafu, Ƙaguwa tana zana lamba da alli a jikin bango. Takwas.

Ya ce, "Ɗana, babbar riga da 'yar ciki da wando yadi goma suke ci, wannan ma ga mai hannu biyu da ƙafa biyu. Kaftani da wando, biyar. Kai uku ka kawo. Amma shaddarka mai kyau ce, kuma jikinka ba shi da yawa. Bari in yi maka jamfa mai hannu huɗu, in sa mata ɗan surfani siriri a wuya, abin da ya ragu in fitar maka da hula. In aka kai ta wurin mabuga ta sha bugu, wallahi duk wanda ya gan ka sai ya sake waiwaye. Siririn jiki irin naka ma babbar riga haɗiye shi take yi."

Ƙoƙi, wadda ta biyo shi don ta san halinsa, ta ce, "Maigida, ka ji maganar Baba. Kai da kanka kake ta faɗa a gida, a yanka daidai ƙyalle."

Nan ne Gizo ya yi abin da ya sa ake kiransa Gizo. Mutumin da ya kusa dambe da Dila a kasuwa, sai ga shi ya ce ya sake nazari, ya gano ta Dila ce daidai. Daidai girma aka ce. Shi kuwa girmansa a dawa ba ƙarami ba ne: shi ne mai Turancin Ingila, shi ne Sarkin Ado mai jiran gado. Jamfa ta yara ce.

Wato mai ƙyalle da yawa ta riƙe ta ƙyalle, mai ƙyalle kaɗan ya koma ta girma, kowa ya ɗauki wadda za ta ba shi izinin yin abin da dama ya yi niyya. Ba dabbobi kaɗai ke wannan ba. Na sha ganin mai digiri ya jawo karin magana don ya kare wautar da kakarsa, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, za ta hana shi da harara ɗaya.

Kunkuru ya ajiye tef ya ce a fassara masa maganar nan da ta hana dawa sakat. Aka faɗa masa duka biyun, ta Tsattsewa da ta Dila. Ya daɗe yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Ikon Allah. Ashe Turawa ma sun san daidai ruwa daidai tsaki. To ni ban ga abin faɗa a nan ba. Tef ɗina ɗaya ne, sau biyu nake jan sa, sau ɗaya a kan ƙyalle, sau ɗaya a kan mai ƙyalle. Wanda ya tsallake ɗaya ya ɓata kaya. Bayan haka akwai tambayar da tef ba ya amsawa, sai mai riga: ina za ka da ita, me za ka yi a cikinta? Rigar hawa doki daban, ta zaman shago daban, ta rawa daban. Kai Gizo, a fada me za ka yi?"

Gizo ya ce, "Burgewa."

"Ban da burgewa fa?"

Gizo bai tsaya wannan ba, don wata dabara ta riga ta faɗo masa. Ya ce a zuba shaddar duka a gaba, daga wuya har ƙasa, a baje ta yadda za ta yi faɗin babbar riga, a yi mata aska takwas ɗin. Baya kuwa, ai akwai buhunan taki guda biyu a gida da Ƙoƙi take shanya kuɓewa a kai. Sarki gabansa zai gani. Wa ke duba bayan mutum a wurin biki?

Ƙoƙi ta rufe fuska. Ƙaguwa ta ce ita almakashinta bai taɓa haɗa shadda da buhu ba. Kunkuru ya ce mai kaya shi ke da iko da kayansa, shi dai ya faɗi tasa, kuma kuɗin ɗinki a biya duka yanzu, ba sai an dawo ba.

Sauran masu ɗinki ba sai an ja labarinsu ba. Hawainiya ta zo da yadi biyar masu kyau, amma duk wanda ta gani ya fito daga shagon sai ta koma ta ce irin nasa take so. Aka farke, aka sake, aka farke, har yadin ya koma tsummoki, ranar biki da ɗankwali kawai ta je. Bushiya ta so leshi, Kunkuru ya nuna mata ƙayoyin bayanta, ta yi dariya ta karɓi gwado mai kauri. Zabuwa kuwa ba ta je wurin Kurege ba sam. Wani ɗan saƙi ta kawo na masaƙan ƙauye, baƙi mai ɗigon fari, rinin baba irin na karofin Ƙofar Mata, bai fi yadi biyu da rabi ba. Ta ce, "Baba, ga shi, ga ni. Zan yi rawa, zan durƙusa, kuma ina so in iya tashi sama in an yi gudu." Kunkuru ya ce tun safe bai ji magana mai daɗin wannan ba.

Ranar biki Gizo ya riga kowa zuwa. Tun duhun asuba ya je ya zauna a gindin kukar da ke fuskantar karagar sarki, ya manna bayansa da ita, ya baje shadda a gaba. Da rana ta fito ta haske ta, sai ga aska takwas tana walƙiya. Gaskiya rigar ta yi kyau, aikin Kunkuru ne. Maroƙa suka yi caa a kansa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya miƙa hannu daga zaune, ya sakar masa Turanci. Da fitsari ya matse shi, a karkace ya tafi yana bin jikin zana, har Ƙaguwa ta ce a tambaye shi wa ya ba shi aron tafiyarta.

Can sai ga Kura. Tun kafin a gan ta aka ga ƙura, don rigar tana share hanya taku goma a bayanta, ja da kore da agogo duk a haɗe. Ta iso tsakiyar fili daidai lokacin da aka buɗe tukunyar nama. Ƙamshi ya bugi hancinta, ta manta da sarauta, ta yi tsalle. Ƙafar baya ta taka atamfa, ta gaba ta shige cikin hannun riga, ta yi ta mirginawa yadin yana naɗe ta har ta tsaya a gaban Giwa, ƙunshe tamau, hanci kaɗai a waje. Sai da aka kira Ƙaguwa ta farke ta. Kafin a gama an raba naman.

Zaki ya yi dariya har da hawaye. Da ya share ido sai ya hango farin nan mai sheƙi a gindin kuka. Ya tambayi Hankaka wane ne, aka ce Gizo ne na Ƙoƙi, wanda ake cewa yana jin Turancin Ingila. Sarki ya ce ya matso.

Tsakanin kuka da karaga fili ne fetal, babu bango babu zana. Gizo ya miƙe, ya tafi a hankali, ƙirji a gaba. Waɗanda ya wuce suka fara toshe baki, amma sarki gaba kawai yake gani, har yana gyaɗa kai. Saura taku uku, dogarai suka daka tsawa kamar yadda aka saba: a faɗi a yi gaisuwa.

Abin da Kunkuru ya tambaya ke nan. Babu mai zuwa gaban Zaki a tsaye. Gizo ya zube, goshi a ƙasa, ya ce da tsamin bakinsa, "Yanka ya daɗe!"

Shadda ta shige ƙarƙashinsa. Abin da ya fuskanci sarki shi ne buhu, da ragowar 'ya'yan kuɓewa a maƙale, da manyan baƙaƙe: NPK 15-15-15, kilo 50.

Fada ta yi tsit. Zaki ya sunkuyo ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Gizo, wannan na bayan naka shi ma Turancin ne?"

Dariyar da aka yi, sai da tsuntsaye suka tashi daga kan kuka. Da ta lafa, sarki ya ce yana so ya ji maganar nan da ake ta yayatawa. Gizo ya faɗe ta daga kwance. Sarki ya ce a fassara. Gizo ya ce ma'anarta Allah ya ja zamanin sarki, ya ƙara masa imani.

Da an bar shi a nan, da wataƙila ya tsira da sauran mutunci. Amma Dila ya miƙe ya ce, Allah ya ba sarki nasara, ba haka ba ne, ma'anarta mutum ya yanka riga daidai girman jikinsa, kuma ma Gizo bai iya faɗarta ba, ya ɓata kalmar ƙarshe.

Buhu a baya Gizo zai iya jurewa. A ce bai iya Turanci ba, a gaban jama'a, wannan kam a'a. Ya yi wuf ya tashi. Ya ce Dila ɗan tasha ne. Asalin maganar daidai ƙyalle ce, ka yanka rigarka daidai ƙyallen da kake da shi, kada burinka ya wuce abin hannunka. Ya kawo John Heywood, ya kawo 1546, ya kawo Henri na Takwas da matashin ulu da dokar da aka soke a 1604, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Fadawa har suna cewa madalla.

Zaki ya bari ya gama. Ya ce, "Kai, ka yi karatu. Ƙyallenka yadi nawa ne?"

"Uku, yanka ya daɗe."

"Rigar da ka sa a yanka ta yadi nawa ce?"

Gizo ya dubi ƙasa. Daga cikin taro Ƙaguwa ta amsa masa: "Goma."

Sarauta dai Zabuwa aka ba. Ta shigo cikin ɗan saƙinta, ba a gane inda gashinta ya ƙare da inda tufa ta fara, ta durƙusa ba abin da ya buɗe, ta yi rawa ba abin da ya ja ƙasa. Da yake ba ta cin cinya, aka mayar mata da ita damin gero. Ni da za a tambaye ni, Kunkuru ya kamata a naɗa, amma ba a taɓa jin an tuna da tela ranar biki ba sai in ɗinki ya ɓaci.

Ana tsakiyar naɗi Kurege ya kutso da littafinsa yana tambayar ina mai yadi uku. Gizo ya tuɓe rigar ya bar ta nan, ya bi ta ƙarƙashin ƙafafun Giwa, ya haye bangon zauren sarki, ya shige lungun azara inda hannu ba ya kaiwa. Kurege ya ɗauki shaddar, ya ce an riga an yanka, ba ta mayuwa, bashi yana nan. Ƙoƙi ta ɗauki buhunanta ta koma shanyar kuɓewa.

Daga can sama Gizo ya yi rantsuwa ba zai sauko ba sai ya saƙa yadi bakwai ɗin da suka rage da kansa, ya cika goma, a ga ƙarshen masu dariya. Shi ya sa har yau in ka ɗaga kai a zaure za ka gan shi a lungu, baya manne da bango, yana ta jan zare. Bai taɓa haɗa ko inci goma ba, matan gida suke zuwa da tsintsiya.

Ƙurunƙus kan kusu.